Texas da New York: Ina Ake Yawo da Bindiga Babu Lasisi, Kuma Wa Aka Yarje Wa?

Malam, ka ce ƙaninka ya samu gurbin karatu a wurare biyu, Houston ta jihar Texas da kuma birnin New York. Ka ji ana cewa a Texas kowa na iya rataya bindiga ya shiga kasuwa ba tare da lasisi ba, a New York kuwa ko taɓa ta mutum ya yi sai gidan yari. Kana son sanin gaskiyar maganar, da kuma ko yaron zai iya mallakar tasa don kare kai. Duka zantukan biyu suna da tushe, sai dai an ƙara musu gishiri.

Tushen abin ɗaya ne. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ba jama'a 'yancin mallaka da ɗaukar makami. Amma yadda za a fita da ita kan titi, a ɓoye cikin riga ko a fili kowa na gani, wannan kowace jiha ce ke tsara nata. Shi ya sa abin da yake halas a gari ɗaya kan zama babban laifi da zarar ka tsallaka iyaka. Mu da muka saba da dokar makamai ta 1959 a Najeriya, wadda take ɗaya tun daga Sakkwato har Fatakwal, nan ne kanmu kan fara ɗaurewa.

Texas ba haka ta taso ba, duk da sunan da ta yi. Tun 1871 aka hana yawo da ƙaramar bindiga a jihar, haramcin kuma ya daɗe fiye da shekara ɗari. Abin da ya juya akalar shi ne harin da aka kai wani gidan abinci a garin Killeen a watan Oktoba na 1991, inda mutum ɗaya ya kashe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda ta rasa uwa da uba a wurin. Tana da bindiga, amma ta bar ta a mota don gudun saɓa doka. Ta yi ta ba da wannan labari a gaban 'yan majalisa, har Gwamna George W. Bush ya sa hannu kan dokar ba da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye a 1995. A farkon 2016 aka yarda masu lasisi su rataya ta a fili. Sai ranar 1 ga Satumba, 2021, ƙarƙashin Gwamna Greg Abbott, aka cire sharaɗin lasisin gaba ɗaya ga wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi mallaka ba.

To a nan ake yawan kuskure. Lasisi aka cire, ba a cire hani ba. Wanda aka taɓa samu da babban laifi, ko da laifin dukan iyali, har gobe ba shi da damar riƙe bindiga. Idan a fili za ka ɗauka, dole ta kasance cikin kubenta, ba a hannu kana kaɗa ta ba. Makarantu, kotuna, rumfunan zaɓe, cikin filin jirgin sama bayan wurin bincike, duk ba a shiga da ita. Mashayar da mafi yawan cinikinta na giya ne takan manna wata alama mai jan rubutu, 51%, ma'ana ka bar makaminka a waje. Mai kanti ko limamin masallaci shi ma yana da ikon hanawa, shi ya sa za ka ga alluna a bakin ƙofa da lambobi irin su 30.05 da 30.06 da 30.07, an rubuta da Turanci da Sifaniyanci. Lambobin sassan dokar ne: ɗaya na marar lasisi, ɗaya na mai lasisin da ya ɓoye, ɗaya na mai lasisin da ya fito da ita fili.

Na zauna a Houston na ɗan lokaci. Ranar da na fara ganin abin, a gidan mai ne: wani dattijo ya sunkuya yana duba tayarsa, rigarsa ta ɗan ɗaga, ga baƙar bindiga a ƙugu. Gabana ya faɗi, na waiga in ga ko wani zai yi magana, kowa na harkarsa. Amma kada ka ɗauka haka titunan suke. Sai ka yi makonni ba ka ga ko ɗaya ba, domin mafi yawan masu ɗauka ɓoyewa suke yi.

Abin da ya fi damuna da dokar 2021 shi ne horo. Da, kafin a ba ka lasisi sai ka zauna aji na awa huɗu zuwa shida, an koya maka lokacin da doka ta yarda ka harba da lokacin da harbin zai zama kisan kai, sannan an gwada saitinka. Yanzu mutum na iya fita da ita bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shugabannin 'yan sanda na manyan biranen jihar sun nuna adawa a lokacin, kuma ina ganin suna da hujja. Lasisin dai yana nan ga mai so, mutane kuma na ci gaba da karɓa, saboda da shi ne ake iya shiga wasu jihohin da makami, da shi ne kuma ake shiga harabar jami'o'in gwamnati.

New York kuwa hanyarta daban tun 1911, lokacin da ta kafa dokar Sullivan. Shekara da shekaru, ko ka cika kowane sharaɗi, sai ka gamsar da hukuma cewa kana da wani dalili na musamman da ya wuce na sauran jama'a. Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi ranar 23 ga Yuni, 2022, a shari'ar Bruen, alƙalai shida suka rinjayi uku. Kafin kwana goma Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu kan sabuwar doka: awa 16 a aji, awa 2 na harbi, mutum huɗu da za su shaidi halinka, ganawa da jami'i ido da ido. Ko ka samu lasisin, ba ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ko dandalin Times Square da ita, ba kuma a rataya ƙaramar bindiga a fili. Jihar ba ta amincewa da lasisin wata jiha. Wanda aka kama a waje da bindiga mai harsashi babu lasisi, hukuncin da doka ta yanka yana farawa ne daga shekara uku da rabi. Plaxico Burress, tauraron ƙwallon Amurka, ya ɗanɗana: a Nuwamba 2008 bindigarsa ta zame daga ƙugun wando a wani gidan rawa a Manhattan da ke birnin New York, garin tare ta ya harbi cinyarsa. Babu wanda ya ji rauni sai shi, amma aka yanke masa shekara biyu.

Wace ta fi zaman lafiya? Idan aka auna da yawan jama'a, mutuwa ta hanyar bindiga a Texas ta kusa ninka ta New York sau uku. Sai dai a yi hattara da wannan lissafi, domin fiye da rabin irin wannan mutuwa a Amurka mutane ne ke kashe kansu, kuma ga Vermont, wadda ba ta taɓa neman lasisi ba, tana cikin jihohin da kisan kai ya yi ƙaranci. Alaska ta bi sahunta a 2003, Arizona a 2010, zuwa 2024 jihohi 29 ne ba sa neman lasisin. Texas ba ita kaɗai ba ce, ta dai fi suna.

Yanzu ga abin da ya shafi ƙaninka, wanda ya shafe duk bambancin da na lissafa. Dokar tarayya ta hana baƙon da ya shigo da bizar wucin gadi, har da ta karatu, mallakar bindiga ko harsashi, a Texas yake ko a New York. Akwai 'yan togaciya, kamar wanda ya yanki lasisin farauta, amma wannan sai da shawarar lauya, ba ta abokai ba. Hukuncin saɓawa na iya kaiwa shekara 15, ga kuma kora daga ƙasar. Mai takardar zama ta dindindin shi ne doka ta sassauta wa. Ko shi ɗin ma, idan baƙar fata ne sai ya yi taka-tsantsan. Philando Castile yana da lasisi, ya kuma shaida wa ɗan sandan da ya tsayar da shi a Minnesota a Yulin 2016 cewa akwai bindiga a jikinsa, amma a cikin motarsa aka harbe shi.

Ka ja kunnen yaron kan abu ɗaya musamman. A Texas abokan karatu kan ce a je filin koyon harbi a ƙarshen mako, kamar yadda za a ce a je kallon ƙwallo, ana ba da hayar bindiga a nan take. A idon dokar tarayya riƙewar nan ma mallaka ce. Hamid Rehaif, ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya je irin wannan fili a Florida bayan jami'arsa ta sallame shi, aka gurfanar da shi aka yanke masa wata 18. Shari'ar sai da ta kai Kotun Ƙoli a 2019 kafin aka ce dole masu ƙara su tabbatar ya san izinin zamansa ya ƙare. Idan an gayyaci ƙaninka, ya ce musu bizarsa ba ta yarda ba.