Fitilun katanga: a jona daga soket ko a jawo layi daga DB?

Salam jama'a. Ɗan uwanmu da ya yi tambaya jiya a zauren nan, wai zai sa fitilun LED guda shida a katanga da ƙofar gida, mai wayarin ɗinsa ya ce kawai a jona daga soket ɗin falo da ke jikin bangon waje a huta, shi kuma zuciyarsa ta fi kwanciya da a jawo layi daban daga akwatin bireka wato DB, kuma yana tambayar fis nawa zai sa da wane irin makunni. Malam ga abin da na sani.

Lissafi tukuna. Ƙwai shida masu wat 30 kowanne, wat 180 ke nan, ka raba da volt 230 na wutarmu, ko amfiya ɗaya bai kai ba. Ka ga ke nan maganar nauyi ba ta taso ba, kowace hanya za ta ɗauka. Abin da ke kawo matsala a fitilun waje ruwa ne da kuma waya, ba yawan wuta ba.

Jonawa daga soket ya fi arha kuma aikin wuni ɗaya ne, ba fasa bango ba jan waya mai tsawo. Amma inda ake kwafsawa shi ne, layin soket yawanci waya mai kauri 2.5 ce a kan bireka mai amfiya 20 (20A) ko ma 32A, su kuma fitilu waya 1.5 ake ja musu wadda abin da za ta iya ɗauka bai wuce kusan 15A ba in tana cikin fayif. To in aka jona kai tsaye sai wata rana waya ta sami matsala a jikin katanga, ita siririyar wayar tana iya yin zafi ta narke alhali bireka na zaune abinta bata ji komai ba, don ba a sa ta domin waccan wayar ba. Shi ya sa in dai za a bi wannan hanya dole a sa abin da 'yan kasuwa ke kira fused spur a tsakani, kamar makunni yake amma da ɗan aljihu da ake zare fis irin na cikin fulogi mai ƙafa uku. Sau da yawa da fis 13A ake sayar da shi, mai ruwan ƙasa, ka cire ka sa 3A, shi ja ne. Kuma don Allah in ya ƙone a sayi wani, ban da ɗaura silin wayar tagulla ko takardar kwalin sigari, wannan ai ka cire fis ɗin ne gaba ɗaya kana yaudarar kanka.

Sai wani abu da mutane ba sa tunawa. In soket ɗin nan yana kan layin inbata, to ka ɗora wa batirinka fitilu shida daga magariba har asuba, wat 180 sau awa goma sha ɗaya kusan yunit biyu ke nan a dare guda, da safe ka tarar batir ya kwanta kana zargin mai sola.

Shi kuma layi daban daga DB ya fi cin kuɗi, ba na musu. Waya mai tsawo, fayif, wani lokacin a fasa bango. Amma fitilun sun sami birekarsu ta kansu, 6A ta isa har ta yi yawa, kuma in ka sa irin wadda take haɗe da kariyar zubar wuta ta 30mA, wato RCBO, to nan ne bambancin yake. Fis da bireka waya suke karewa kar gida ya kama da wuta, ba mutum ba. Yaro ya dafa get na ƙarfe da damina ƙafarsa cikin ruwa alhali waya ta goge a jikin ƙarfen, wutar da za ta kashe shi ba ta kai ta ƙona fis 3A ba ko kusa. Ita RCBO ɗin ce ke yankewa nan take. Sannan duk ranar da ruwan Agusta ya shiga wani ƙwai, layin waje kaɗai zai faɗi, firij da fanka na ci gaba da aiki, saɓanin wanda ya jona daga falo da zai tashi tsakar dare yana lalube da tocilan waya.

Ni dai ra'ayina, ƙwai ɗaya ko biyu a bakin ƙofa ƙarƙashin rumfa, yi fused spur ɗinka ba laifi, musamman in layin soket ɗin dama yana bayan RCD, wato na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba. Amma shida da za su zagaye katanga har jikin get, Malam ka daure ka ja layi daban.

Maganar makunni kuwa, ko wace hanya ka bi a tabbata wayar wuta ce ke bi ta cikinsa, ja ko ruwan ƙasa, ba nutural ba, in aka juya fitila za ta mutu amma wuta na nan cikin holda tana jiran mai canza ƙwai. Na fi son mai yanke waya biyun lokaci guda. Ka sa shi cikin gida, sai ka ɗora fotosel, wato makunni mai aiki da hasken gari, a bayansa ya riƙa kunnawa da magariba yana kashewa da safe, in ka ga dama ka kashe da hannu. Kar dai a kafa fotosel ɗin inda hasken fitilar ke dukansa, sai ya yi ta kunnawa yana kashewa, kuma da hunturu a riƙa goge masa ƙura.

Fitilun su zama IP65, wato masu kariya daga ƙura da feshin ruwa, duk jonin waya a cikin akwati mai rufi ba salatif a sarari ba, in za ta bi ta ƙasa a sa waya mai sulke. Ka tambayi mai wayarin naka ko gidan na da ƙarfen at da aka binne, wato wanda ke kai wutar da ta zuba cikin ƙasa, kuma ya ja wayar at ɗin, mai kore da rawaya, har jikin kowace fitila mai gangar ƙarfe da shi kansa get ɗin.