Ɗamarar Lielvārde ko safar hannu: wacce za ki saya a Riga?

'Yar'uwa, kin ce kina karatu a Riga, babban birnin Latbiya, kina son abu guda mai ɗauke da zanen gargajiyar Latbiya, kin rasa zaɓi tsakanin ɗamara da safar hannu. Dukansu saƙa ne, amma ba aikinsu ɗaya ba.

Ɗamarar ta ci sunan garin Lielvārde da ke bakin kogin Daugava. Launi biyu ne kawai, jan zaren ulu a kan farin lilin, tsawonta ya haura mita 2, kuma zanen yana ta sauyawa daga wannan baki zuwa wancan. Kayan bikin ƙasa ce. Za ki gan ta a ƙugun mata ranar babban taron waƙa da rawa da suka fara tun 1873, wanda yanzu ake yi duk bayan shekara 5. Zanenta ya hau takardun kuɗinsu na lats kafin su koma yuro a 2014, yau kuma ga shi a riguna, da kofuna, har da fatar jikin matasa. To amma ta gaske, saƙar hannu, tana da tsada, kuma idan ba ki da sauran kayan da ake ɗaura ta a kai, a akwati za ta zauna.

Safar hannu kuwa ta yau da kullum ce. Babban yatsa ne kaɗai ke da gidansa, sauran huɗun ɗaki ɗaya, bakinta da tsini. A da amarya kan saƙa su da yawa ta tara a akwatin aurenta, ranar biki ta rarraba wa dangin miji. Wannan mutuncin bai ɓace ba: da ƙungiyar NATO ta yi taro a Riga a 2006, an saƙa wa baƙi kimanin safa 4,500. Ki juya cikinta ki duba. Idan kin ga zaruruwan launi suna ratsawa ta bayan zanen, saƙa shi aka yi, ba bugawa ba.

Ni safar nake ba ki shawara, don sanyin Janairu zai sa ki saka ta kullum, kuma kuɗinki zai shiga hannun masaƙiya.

Sai dai ki san zanen da ke jikin safar. Tauraro mai tsini 8 shi ne Auseklis, gamzakin asuba, wanda ya zama tambarin neman 'yanci daga Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1980. Jumis zangarniya biyu ce a kara ɗaya, alamar albarkar gona. Akwai kuma ugunskrusts, gicciyen wuta, mai kama da tambarin 'yan Nazi. Ya girme su nesa ba kusa ba, amma idan za ki ratsa Jamus da ita, ki zaɓi wadda babu shi.