Linzami mara ƙarfe da na gwada wa akawal ɗina, wato baƙin dokina

Wallahi ba don bakinsa ya yi rauni ba da ban taɓa kallon wannan abu ba. Linzaminmu na gargajiya kun san shi, ƙarfe a baki ga zobe a haɓa, bayan hawan sallah sai na ga gefen bakin ya tsage, ko dusa da ƙyar yake ci.

Shi ne na yi odar mara ƙarfen a intanet, irin wanda kamazurun, wato igiyoyin da mahayi ke riƙewa, ke maƙale a zobba biyu gefen hanci. Gaskiya kamar ragama ce da ta yi boko. Fatar mai laushi ce, ɗinkin ba laifi, amma madaurin hancin ya yi masa yawa, sai da na kai wa baduku ya ƙara huda biyu, don in ya sauko ƙasa kan guringuntsi yana takura numfashi, a kan ƙashi ya kamata ya zauna, kamar yatsa biyu ƙasa da ƙashin kumatu.

A kilisa kam lafiya lau, ya daina wurga kai. Amma ranar da ya ji kalangu ya zabura, na ja na ja kafin ya tsaya. Sukuwa dai ban yarda ba tukuna.