Hayar kat-kat ta kwanan daji a Damagaram

Masu son kwanan daji, wurin hayar kat-kat ɗin nan na Damagaram sun iya aiki gaskiya. Land Cruiser suka ba mu da direban da ya san hanyar Gure zuwa Tasker sosai, da mun shiga rairayi sai ya sauka ya rage iskar taya, ko sau ɗaya ba mu kafe ba wallahi, ga bidon gazuwal da na ruwa ɗaure a bisa.

Nasara sun yayata wannan yawo da tseren Paris-Dakar da ya ratsa Agadas tun 1979, amma ayarin gishirin Bilma ya riga su kwana a hamadar Tenere nesa ba kusa ba.

Tantin masu hayar dai ya tsufa, sanyin hunturu na shigowa, ku riƙo bargonku. Kuɗin ma da ɗan tsada.