Lichess a hannun mai watsa wasan ces kai tsaye

Wanda yake buga darar ces mai sauri a gaban kyamara yana ɗauke da kaya biyu a kai ɗaya, domin yana lissafin takunsa a kan allo, yana kuma hira da masu kallo don kada su watse, alhali agogo ba ya ɗaga masa ƙafa a ko ɗaya. Na shafe watanni ina watsa wasannina kai tsaye daga dandalin Lichess, kuma abin da nake so in auna a nan shi ne yadda dandalin yake amfanar mutum irina da ke neman ƙarin ƙwarewa.

Wani masanin kwamfuta ɗan Faransa, Thibault Duplessis, shi ne ya kafa Lichess a 2010, kuma har yau kyauta ne gaba ɗaya, ba talla, ba kuɗin rajista, da gudummawar masu amfani da shi ake tafiyar da shi. Wannan ya yi wa mai watsa wasa daɗi, tunda duk abin da ya nuna a allo, mai kallo zai iya zuwa ya gwada da kansa. Akwai kuma shafin masu watsawa, inda wanda aka amince da shi yake bayyana da zarar ya buɗe shirinsa a Twitch ko YouTube.

Dandalin yana rarraba wasanni ta hanyar haɗa lokacin farawa da ƙarin daƙiƙun kowane taku sau 40. Idan jimillar ba ta kai minti 3 ba, wasan harsashi ke nan, wato Bullet. Daga minti 3 zuwa ƙasa da 8 kuma shi ne Blitz. Masu kallo sun fi son na minti ɗaya saboda hayaniyarsa, amma ni a 3+2, wato minti 3 da ƙarin daƙiƙa 2, na ga ci gaba, domin daƙiƙa biyun da ake ƙara wa mutum bayan kowane taku suna ba shi damar kammala wasan da ya riga ya ci a kan allo.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne jadawalin lokaci da ke cikin shafin nazari, wanda yake nuna daƙiƙun da aka kashe a kowane taku. Akwai wani wasa da na yi rashin nasara ina da rarar doki guda, na kuma kashe kyamara ina zargin hannuna da nawa. Da na buɗe jadawalin, sai ga wani dogon sanda a taku na 12: daƙiƙa 38 na ɓatar a kan ramuwar cin soja, takun da ba shi da na biyu. Na koma bidiyon, na tarar a daidai wannan wurin ina amsa tambayar wani mai kallo game da buɗin da na zaɓa, wato takun farko-farko na wasan. Ashe bakina ne ya cinye agogon. Tun daga ranar nake adana dogon bayani sai lokacin abokin karawa yana tafiya, idan nawa ya fara kuma in taƙaita ko in yi shiru. Sashen Insights yana faɗaɗa wannan binciken zuwa ɗaruruwan wasanni, yana nuna buɗin da mutum ya fi faɗuwa a cikinsa da matakin wasan da kurakuransa suka fi yawa, ko da yake sai an yi haƙuri kafin a gane yadda ake tace bayanansa.

Wajen horar da ido, Puzzle Storm ya cancanci yabo. Minti 3 ake bayarwa a warware matsaloli gwargwadon iko, jerin amsoshi daidai yana ƙara lokaci, kuskure ɗaya kuma yana zaftare daƙiƙa 10. Da yake an ciro matsalolin daga wasannin da aka buga da gaske a dandalin, irin tarkon da mutum zai ci karo da shi ne gobe, kamar doki ya kai wa sarki da sarauniya hari lokaci guda, ko a rutsa sarki a layin baya bayan sojojinsa sun tare masa hanya. Nakan yi zagaye biyu kafin in kunna kyamara.

Batun ɗana taku tun kafin abokin karawa ya motsa yana da muhimmanci a ƙarshen wasa. A Lichess taku ɗaya kawai ake iya ɗanawa, amma ba ya cin ko ɗigon lokaci, yayin da wani dandalin ces, Chess.com, yake barin a jera da yawa, yana cire kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kan kowanne. Wanda ya saba da can zai ji hannunsa a ɗaure a makon farko. Ni dai na fi ganin hikimar tsarin taku ɗaya, don ya hana ni jera motsi ido rufe.

Mai niyyar koyo ya san cewa injin Stockfish da ke nazarin wasa lambobi da kibiyoyi yake bayarwa, ba ya zama ya fassara dalili da kalmomi, kuma babu wanda zai tsara maka abin da za ka fara karantawa. Abin da ya rage wannan giɓin shi ne maɓallin koyo daga kurakurai, wanda yake mayar da kai wurin da ka kauce, ya ce ka nemo takun da ya fi da kanka. Yin wannan a gaban masu kallo bayan kowane wasa uku ya zama sashen da aka fi tofa albarkacin baki a shirina.

Gasannin Arena kuwa, inda ake ta buga wasa bayan wasa ana tara maki har lokacin gasar ya ƙare, suna da maɓallin Berserk, wanda yake raba lokacinka biyu a kan alkawarin ƙarin maki ɗaya idan ka ci. Masu kallo za su yi ta zuga ka ka danna, kuma abin kallo ne, sai dai ban taɓa koyon komai daga irin wannan wasan ba. Haka nan karɓar shawarar taku daga masu kallo a wasan da ake lissafa makinsa maguɗi ne a dokar dandalin, don haka nakan kawar da akwatin hira daga gabana, in danna harafin z domin yanayin Zen ya ɓoye makin ƙwarewar abokin karawa, sannan in jinkirta hoton shirin kaɗan saboda wanda zai so ya saurari shirina yana karawa da ni.