Garin Sodiyam Pakabonet da Warin Tawul: Abin da Na Gani Bayan Na Gwada Shi

Warin tawul bayan wanki yana da wata ɗabi'a mai ban takaici. Za a wanke tawul tas, ya bushe, a ninke shi yana ƙamshin sabulu, amma da zarar ruwa ya taɓa shi sai tsami-tsamin nan ya taso, mutum ya fito daga wanka ya goge jiki ya ji kamar bai yi wankan ba. Na daɗe ina fama da wannan, kuma abin da ya raba ni da shi wani farin gari ne da ake kira sodiyam pakabonet. Shi ne babban sinadarin da ke cikin garin cire tabo irin su OxiClean da Vanish, amma ana sayar da zallarsa ba turare ba komai, kuma zallan na yi amfani da shi.

Kafin a gane amfanin garin sai an san daga ina warin yake fitowa. Ba dauɗar da ido ke gani ba ce. A shekarar 2012 masu bincike na kamfanin Kao da ke Japan sun wallafa sakamakon aikinsu a kan warin kayan da aka wanke, inda suka nuna cewa wata ƙwayar bakteriya mai suna Moraxella osloensis ce babbar mai laifi. Tana maƙalewa a cikin zaren kaya, tana jure bushewa, kuma tana fitar da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da 4M3H, wanda shi ne wannan wari na tsohon tsumma mai danshi. Tawul kuwa gida ne da ya dace da ita. Saƙarsa cike take da ƙananan madaukan zaren auduga da ke riƙe ruwa, ga maiƙon jiki da ɓurɓushin fata da muke bari a kansa kullum, ga ɗumin banɗaki. Wankin ruwan sanyi yana cire datti, amma yana barin da yawa daga cikin ƙwayoyin a raye. Shi ya sa ƙara sabulu ko ƙara turare ba ya magani, sai dai ya lulluɓe warin na ɗan lokaci.

Abin da garin yake yi mai sauƙin fahimta ne. Idan ya narke a ruwa yakan rabu biyu: sodar wanki, wadda ke sassauta maiƙo, da haidurojin farokzayid, wanda ke sakin iskar oksijin da ke ruguza tabo da ƙwayoyin da abin da suka fitar. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba ya ɗaga ƙafa a kai: ruwa mai zafi. A ruwan sanyi da ƙyar yake narkewa, aikinsa ma ya yi rauni sosai. Daga digiri 40 na ma'aunin Salshiyas yake fara aiki yadda ya kamata, kuma ni na fi ganin kyawunsa idan ruwan ya kusa digiri 60.

Ga yadda nake yi. Ina zuba ruwan zafin a bokitin roba, in sa cokali biyu manya na garin, in motsa har ya narke gaba ɗaya, sannan in nutsar da tawul ɗin ta yadda ruwa zai shanye kansa. Ina barin sa ya jiƙu na wasu awoyi, in matse, in yi masa wanki na yau da kullum da sabulu kaɗan, in ɗauraye sosai. Ruwan da ya rage a bokitin shi ya fara ba ni mamaki. Tawul ne wankakke na jiƙa, amma ruwan ya koma ruwan toka-toka mai kauri. Wannan duk tarin sabulu da maiƙo ne da suka zauna a cikin zare wanki bayan wanki.

Sakamakon ya gamsar da ni ƙwarai. Tawulan sun fito ba su da wari, kuma ba su da ƙamshi ma, abin da na fi so ke nan, domin babu wani turare da zai rufe mini gaskiyar lamarin. Gwajin gaske shi ne jiƙa su bayan sun bushe, kuma da na jiƙa ban ji komai ba. Farare sun ƙara haske, masu launi ba su koɗe ba, kuma duka sun koma shan ruwa kamar sababbi. Wani tsohon tawul mai kauri ne kawai ya yi taurin kai, sai da na maimaita masa jiƙon kafin ya saki.

Amma yana da nasa wahalhalun, kuma ya kamata mai saye ya san su. Yana buƙatar ruwan zafi da lokaci, ba abin gaggawa ba ne. Ruwansa yana da kaifi, yana busar da fatar hannu, don haka safar hannu ta roba dole ce. Idan ba a ɗauraye da kyau ba tawul yakan bushe da ɗan tauri. Ba a sa shi a kayan ulu ko siliki, kuma tawul mai launi mai duhu gara a fara gwadawa a ɗan gefensa. Garin kansa yana jan danshi, idan aka bar shi a buɗe sai ya dunƙule ya rasa ƙarfi. Bayan an narkar da shi kuma kada a zuba ruwan a kwalba a rufe, domin iskar da yake saki za ta taru ta iya fasa ta.

Na gwada farin ruwan khal da bekin soda kafin wannan, tunda su ake yawan ba da shawara. Ruwan khal yana da amfaninsa: tsaminsa, wanda yawanci kashi 5 cikin 100 ne, yana narkar da ragowar sabulu da gishirin da wani ruwan ke bari a cikin zare, tawul ya yi laushi. Sai dai da ya gauraya da ruwan ɗauraya mai yawa ƙarfinsa kan ragu matuƙa, kuma a wurina warin ya riƙa dawowa bayan ɗan amfani. Haɗa shi da bekin soda a lokaci guda kuwa asara ce. Kumfar da suke yi alama ce ta suna kashe ƙarfin juna, abin da ke saura bai wuce ruwa da wani gishiri ba. Abin da nake roƙon kowa ya kiyaye shi ne kada a taɓa haɗa ruwan khal da bilic mai kulorin, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba da ke cutar da huhu.

Garin yana kashe warin da ke akwai, amma ba ya hana sabo zuwa. Ruwan tausasa kaya, mai ƙamshin nan da ake zubawa a ɗauraya ta ƙarshe, na daina sa wa tawul kwata-kwata, saboda yana shafe zare da wani siririn maiƙo da ke rage shan ruwa kuma yake riƙe datti. Sabulu ma na rage. Mai injin wanki ya leƙa cikin robar bakin ƙofa da aljihun zuba sabulu, domin fumfuna na taruwa a can, ta mayar wa kaya wari a kowane wanki. A riƙa barin ƙofar a buɗe bayan an gama, kuma lokaci-lokaci a kunna injin ba kaya da ruwa mafi zafi, a zuba masa wannan garin.

Sauran duk yana ga shanya. Tawul da aka rataye a ƙugiya a dunƙule yakan yini da danshi a cikin ninkinsa, wanda aka baza a igiya ko a sandar rataya inda iska ke wucewa kuwa nan da nan yake bushewa, idan da rana ma ya fi. Kayan da aka gama wankewa kada su kwana a bokiti ko a cikin inji. Tunda na kiyaye waɗannan, jiƙon pakabonet ya zama abin da nake yi jefi-jefi kawai, musamman ga tawula masu kauri a lokacin da iska ke da danshi kuma shanya ke jinkirin bushewa.