Layin 1098 na Indiya: lambar da yaran ƙauye ke tsayar da auren wuri da ita

A ƙauyukan jihohin Rajastan da Jarkand inda yara ke da majalisarsu, wadda ake kira Bal Panchayat, makamin da ya fi kusa da hannun ɗan majalisa shi ne lambar waya 1098. Jeroo Billimoria ce ta fara layin a Mumbai a 1996 domin yaran da ke kwana a titi, daga baya ya bazu a ƙasar. Kyauta ne, dare da rana, ko wayar babu kati kira zai shiga.

Majalisun sun yi ƙarfi ne ƙarƙashin shirin Bal Mitra Gram, wato ƙauye mai kula da yara, da ƙungiyar Bachpan Bachao Andolan ta ɗan rajin kare haƙƙin yara Kailash Satyarthi ta fara a 2001. Sharaɗin shi ne a cire yara daga aikatau, a sa su makaranta, su zaɓi shugabanninsu, majalisar manya kuma ta saurare su. Yaran majalisa su ke fara jin labarin auren wuri: benci a aji ya zauna babu mai shi kwana uku, an kai ɗinki wurin tela, baƙi sun yawaita a gida. Payal Jangid ta ƙauyen Hinsla, wadda ta ƙi a aurar da ita tana ƙarama, ta shugabanci irin wannan majalisa, kuma gidauniyar Gates ta karrama ta a 2019.

Amfanin kira ya dogara da abin da mai kiran ya riƙe a hannu. A faɗi sunan yarinyar da na mahaifinta, ƙauye da gunduma, ranar ɗaurin aure da wurin da za a yi shi, da makarantar da take. Wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi, domin gardama kullum a kan shekaru take, gidaje da yawa kuma ba su da takardar haihuwa, sai rajistar makaranta ta raba. Daga nan cibiyar karɓar kira ta miƙa maganar ga ma'aikatan gunduma, waɗanda ƙa'idar layin tun asali ta ce su iso cikin minti 60. A birni hakan na yiwuwa. A ƙauyen da ke bayan tsauni, da damina, kada a dogara da shi.

Dokar da ke bayansu mai haƙori ce. Dokar hana auren yara ta 2006 ta sa shekara 18 ga mace, 21 ga namiji, ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 2 da tarar da za ta kai rupee 100,000 na kuɗin Indiya, kuma hukuncin ya shafi wanda ya ɗaura auren da wanda ya shirya shi, ba iyaye kaɗai ba. Akwai jami'in hana auren yara, alƙali kuma na iya ba da umarnin dakatarwa. Auren da aka ɗaura bayan umarnin ba aure ba ne a idon doka. Saboda haka kiran da aka yi mako guda kafin biki ya fi na ranar biki nesa ba kusa ba. Idan an riga an ɗaura, yawanci auren yana nan har sai yarinyar ta nemi a warware shi, kuma ƙofar tana rufewa shekara 2 bayan ta cika 18. Wace yarinya ce a gidan miji za ta kai iyayenta gaban alƙali?

Ɓaraka ta fi yawa bayan ma'aikata sun juya baya. Iyaye su sa hannu a takardar alƙawari, mota ta tafi, sai a mayar da bikin tsakar dare ko a kai amarya ƙauyen dangi a wata gunduma. Lokacin bikin Hindu na Akha Teej, a watan Afrilu ko Mayu, da ake ɗaura aure da yawa a rana ɗaya a Rajastan, ma'aikata ba sa wadatarwa. Layin waya ba ya zama a ƙauye. Yaran majalisa ne ke ganin ko yarinyar ta dawo aji ranar Litinin, su sake kira idan ba ta dawo ba, kuma inda babu su nasarar layin ta kan tsaya a kwana ɗaya. Sirri ma abin dubawa ne: ana ɓoye sunan mai kira, amma a ƙaramin ƙauye kowa ya san ƙawar amarya. Ya fi aminci malami ko wata uwa ta buga, majalisa kuma ta ɗauki maganar da sunan kowa, kada nauyin ya faɗa kan yarinya ɗaya.

A ɓangaren aikatau layin ya fi rauni, kuma laifin na doka ne. Gyaran da aka yi wa dokar aikatau ta yara a 2016 ya hana sa yaro ƙasa da shekara 14 aiki, da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 ga mai ɗauka, amma ya bar ƙofar taimaka wa sana'ar gida bayan an tashi makaranta. A gundumomin Koderma da Giridih na Jarkand, inda iyalai ke tsintar ma'adinin mika, wannan ƙofar ta isa ta haɗiye ƙarar. Yaron da aka ceto dole a kai shi gaban kwamitin walwalar yara cikin awa 24, sai dai idan bashin da ya tura shi aiki yana nan, zai koma. Karatun dole na kyauta ma a shekara 14 yake tsayawa, daidai lokacin da maganar aure ke tasowa.

Tun 2023 gwamnatocin jihohi suka karɓi layin daga hannun ƙungiyoyi, aka haɗa shi da lambar gaggawa ta 112. Hakan na iya kawo 'yan sanda da wuri ranar biki, amma yaron da ke tsoron a kama babansa zai yi nauyin baki. Muna ba da shawarar layin ba tare da shakka ba ga duk majalisar yara, da sharaɗin ta riƙe kwafin rajistar makaranta, ta kira da wuri, ta rubuta ranar kira da sunan jami'in da ya zo, domin kira na biyu ya samu madogara.